Zanen da Na Yanke a Ƙugun Habu

Juma'ar da ta wuce ƙanena Habu ya taka da ƙafarsa har masallaci, sanda guda ce kawai a hannunsa. Shi ya sa na iya zama na rubuta wannan, don da ya mutu ba na jin bakina zai buɗu. Na rubuta ne saboda 'yan'uwana mahauta, da duk wanda wata rana zai tarar da mutum kwance mota ko dabba ta matse masa ƙugu, kada ya yi abin da na yi. Sunana Lawali, mahauci ɗan mahauci, a Zango aka haife ni. Unguwa ta san ni da abu biyu, iya fiɗa da saurin hannu. Na biyun ba yabo ba ne.

Kwana biyu bayan sallar layya muka fito hawan ƙaho kamar yadda iyayenmu suka saba. Ga wanda bai taɓa gani ba, bajimi ake ɗaurewa da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya, ƙarti na riƙe, masu kalangu na zuga, sai saurayi ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, bajimi ya yi ta wujijjiga shi har ɗayansu ya gaji. A gidanmu Habu ne mai hawa. Da safen nan Baffa Ila, ƙanen mahaifinmu, shi da kansa ya ɗaura masa gurun gidanmu a ƙugu, ya sake jaddada sharaɗin da muka haddace tun muna yara: tufar mace ba ta taɓa shi, in ta taɓa ya karye. Ko matar Habu, Zainabu, ba ta shanya zanenta a igiyar da ke kusa da inda ake rataye shi.

Bajimin ja ne, irin na Bororo, ƙahoninsa sun yi faɗin da mutum zai zauna a tsakani. Habu ya hau lafiya, mata suna guɗa. Sai igiyar wuya ta tsinke. Bajimin ya ja masu riƙon ƙafa su shida kamar tsumma, ya nufi katangar wani gida da Habu a goshinsa. Ƙahonin suka nutse cikin ginin ƙasa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, Habu na tsakanin goshi da bango. Duk da kiɗan da ake yi na ji ƙarar, kuma na gane ta, domin kullum ina jin ta in na sa gatari na raba ƙugun saniya.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ruga wurin ƙanena. Wurin bajimin na ruga. Na zare wuƙar mahaifinmu na datse jijiyoyin ƙafafunsa na baya, ya zauna daɓas, na hau wuyansa na yi ta yanka har sai da aka janye ni. Har yau ban tuna ko na yi bisimilla ba, kuma babu wanda ya ci naman nan a gidanmu.

Da na juyo, jini har gwiwar hannu, sai na ga taro ya kewaye Habu. Na kutsa. Wata dattijuwa ce durƙushe a kansa, da gilashi a ido, kwandon cefanenta a yashe, tumatir ya watse. Ta kwance zanenta na sama ta rage daga ita sai fatari, ta sa an zura zanen ta ƙarƙashinsa, ta ɗaure masa ƙugu tamau, har ta karɓi sandar wani tana murɗa ƙullin. Kallabinta ma ta cire ta haɗa masa gwiwoyi da shi, furfurarta a waje. Zane ne mai ruwan ganye da zanen kifaye, kuma ya rufe gurun ruf. Na ji wani daga baya ya ce Habu ya zama amarya, wasu suka yi dariya. Baffa Ila yana ihu an karya mana guru.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, kada ka kwance. Jini yake zubarwa ta ciki."

Na duba ban ga jini a jikinsa ba, ko ɗigo. Na ga dai ƙanena a gaban Zango kaf da zanen mace. Na kwaɗa mata mari da hannun da na yanka bajimi, gilashinta ya yi tsalle, ta faɗi a kan gefenta na hagu. Na sa wuƙar nan na tsarge zanen daga sama har ƙasa, na fizge kallabin. Habu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ƙafafunsa suka baje waje, kowace ta kalli gefenta kamar akuyar da aka gama fiɗa. Bakinsa yana motsi, amma kalangu bai daina ba, ni kuma ba sauraro nake yi ba. Muka kama shi mu huɗu, hannu da ƙafa, muka jefa a bayan wata motar ɗaukar kaya. Wannan ma kuskure ne, daga baya na sani.

Asibiti a kwanakin salla sai wanda ya gani. Masu haɗarin babur ne jere a ƙasa, ma'aikata kaɗan, kowa na kiran a zo kansa. Na yi ta zage-zage ina dukan ƙofa har majo, babban mai jinya na wurin, ya fito zai kore ni. Da ya ga Habu sai ya fasa. Ya ja fatar idonsa ya ga fari fat, leɓɓansa sun yi toka, gumi mai sanyi yana keto masa. Nan take ya fizgi zanen gado ya zura ƙarƙashinsa ya ɗaure masa ƙugu, daidai inda dattijuwar nan ta ɗaure, irin ƙullinta, har da haɗa gwiwoyi. A nan ne na fara gane abin da na yi.

Lokotoron ƙashi, wato likitan, ɗan gajere ne, ba zai girme ni ba. Da suna juya Habu sai ya zaro rabin zanen mai kifaye da ya maƙale a bayansa, ya ɗaga ya dubi bakin yankan. Ya ja ni gefe ya tambayi wa ya ɗaura wannan, wa kuma ya yanke. Na ce taro ne, ban gani ba. Ya dubi rigata da wuƙar da ke ƙuguna, bai musa mini ba. Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ce to aiki ya yi sauƙi, na san yadda ƙugun saniya ke buɗewa in an fasa shi ta gaba, na kuma san jijiyoyin jinin da ke kwance a wurin. Ya ce haka na Habu ya buɗe, su a faransanci buɗaɗɗen littafi suke ce masa, kuma matuƙar yana buɗe jini zai yi ta taruwa a ciki har mutum ya ƙare ba a ga ɗigo a waje ba. Ɗauri shi ke rufe littafin.

"Wanda ya ɗaura ya san aiki," in ji shi. "Wanda ya yanke, jinin da za ku je ku nemo yanzu shi ya zubar da shi. Ban yi maka alkawarin zai kai gobe ba."

Ni kaɗai na ji wannan magana. Na fito na ce wa dangi jini ake so, ban ƙara ko kalma ba.

Allah ya saka wa mahautan Zango da alheri. Kafin la'asar sun cika harabar, wasu da kayan salla, wasu da rigar aiki. Abin dariya a cikin baƙin ciki, ƙartin da ke wanka da jinin shanu kullum, ana soka musu allura sai ga biyu sun sume. An ɗibi nawa ma. Da yamma aka shiga da shi bulok, ɗakin fiɗar, aka huda ƙasusuwan ƙugunsa ta dama da hagu aka dasa ƙarafuna, aka haɗa su da wasu ta waje a saman mararsa, kamar dirkokin rumfa. Hanyar fitsarinsa ma ta yage, sai suka huda mara suka sa roba ta sauka cikin leda.

Makon farko ledar nan ce rayuwata. Lokotoro ya ce saboda yawan jinin da ya zuba ƙodarsa ta yi sanyi, in fitsari ya dawo da sauran rai, in bai dawo ba sai addu'a. Sai na zauna a ƙasa kusa da gado ina kallon leda, ni da ban taɓa zama wuri guda ba. Kwana uku abin da ke sauka bai cika ludayi ba, ja kamar zoɓo. Jikinsa ya kumbura, cinyoyinsa da mararsa suka yi baƙi. Kowace safiya ga sabuwar takardar magani, ka je famasi ka yi layi a ce babu, ka hau kabu-kabu ka zaga gari. Babur ɗina ya tafi a makon nan, shanu biyu da muke turke da su suka bi bayansa. A rana ta biyar leda ta fara cika, na fita bayan gini na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Abin da ya fi ciwon nan cin raina shi ne masu dubiya. Duk wanda ya shigo sai ya dafa kafaɗata ya ce Lawali ka yi maganin matar nan, ka fitar da mu kunya. Baffa Ila kuwa ya samu karatu, kowa ya zo sai ya biya masa cewa zanen mace ne ya karya guru shi ya sa abin ya yi muni. Rannan Zainabu, wadda ba ta ɗaga ido a gaban surukai, ta ce a hankali ai kafin zanen bajimin ya riga ya matse shi. Baffa ya daka mata tsawa ya ce yaushe aka fara sa bakin mata a maganar guru. Ina zaune, na san gaskiyarta, na yi shiru. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to nawa a wuyan ƙanena ya ɗauru.

A mako na biyu Habu ya dawo hayyacinsa sosai, sai aka shiga wankin ciwo. Bakin ramukan da ƙarafunan suka shiga ya fara ruwa, kullum sai an goge da magani mai zafi an matse mugunya. Ba a sa masa barci don wannan. Ni ke danne kafaɗunsa, wani ya danne ƙafafu, mai jinya yana kankarewa. Rannan ya kafa mini haƙora a dantse bai saki ba sai da aka gama, tabon yana nan kamar na kare. Ban janye hannun ba, kuma in faɗi gaskiya har daɗi na ji, don gani nake ko kaɗan na biya. Ni ke ɗaga shi a sa masa tasa, ni ke wanke shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma na lura da abu guda. In Zainabu ta ba shi ruwa sai ya dube ta, in Inna, mahaifiyarmu, ta zo sai ya riƙe hannunta, in ni ne sai ya karɓa ya juya fuska bango. Na ce wa kaina ciwo ne. Na tabbatar wa kaina a sume yake ranar nan, bai san abin da ya gudana ba.

Ƙarafunan waje na wucin gadi ne, sai an sake buɗe shi an haɗa ƙashin ta gaba da wani falalen ƙarfe da kusoshi. Ƙarfen sai daga Yamai za a kawo. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka ce zazzaɓinsa bai sauka ba. Damina ta kankama, sauro ya ƙara masa da masassara. Dangi suka fara gunaguni, wannan ya ce a kai shi Kano, wancan ya ce asibiti yanka kawai suka sani, wata gwaggo ta kawo man shanu da garin magani a shafa a bakin ƙarafunan, na karɓa na gode na zubar a kwata. Baffa Ila ya ce tun kakanninmu ba a taɓa dasa wa ɗan gidanmu ƙarfe kamar jakin amalanke ba, akwai maɗori wajen Dakusa da ko ƙashi ya zama gari yana haɗa shi. Na ce a bari tukuna. Bai saba in ce masa a bari ba.

Ranar Talata ta mako na uku, da azahar, lokacin da ma'aikata suka ragu, na dawo daga famasi na hangi Zainabu a bakin ɗakin tana kuka ba sauti. Na shiga na tarar da Baffa da 'ya'yansa biyu da wani tsoho mai jakar fata. Sun yaye wa Habu mayafi. Babban ɗan Baffa, Sale, ya kawo sifana daga wurin mai gyaran babur, ya riga ya kama notin ƙarfen yana juyawa, ƙaramin ya riƙe ƙafar Habu zai ja. Habu yana cewa ku bari, ku bari, muryarsa ba ta fita.

Masu gadi sun karɓe wuƙata tun ranar farko, Allah ya taimake mu duka. Ƙarfen da ake rataya ledar ƙarin ruwa na fizga na sauke wa Sale a hannu, sifanar ta yi sama, yatsunsa biyu suka karye nan take. Ƙaramin ya yo kaina, na sa masa goshi a hanci, jini ya wanke gadon maƙwabcinmu, wani tsoho mai karayar cinya da ba ruwansa. Baffa ya ɗaga sanda ya sauke mini a ka, na ji ɗumi yana bin ƙeyata, na hankaɗe shi ya faɗi zaune a kan tasar fitsari. Ƙanen ubana, wanda ya yi mini aure. Daga ƙasan ya nuna ni da yatsa ya ce in ya mutu kada in tsaya a kan gawarsa.

Tsohon maɗorin shi kaɗai bai motsa ba. Ya gama duban ƙarafunan da baƙin da ke marar Habu, ya mayar masa da mayafi da hannunsa, ya ce wa Baffa, "Malam Ila, ce mini ka yi ƙafa ce. Wannan ba ɗorina ba ne. Da na ja shi da gawa za ku fita da ita." Ya ɗauki jakarsa ya tafi, ko kuɗin mota bai tsaya karɓa ba. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Aka ɗinke mini kai, 'yan sanda suka tafi da ni, na wuni na kwana a wurinsu. Lokotoro ne ya je da kansa ya yi bayani aka sake ni. A hanya ya ce mini asibiti ba mahauta ba ce, in na sake ɗaga hannu a ɗakinsa shi zai kira su. Sannan ya ce noti ɗaya ya kwance amma ƙashin bai motsa ba, wannan karon na tsaya a gefen da ya dace. Na gane sarai abin da yake nufi da "wannan karon" ɗin.

A mako na huɗu ƙarfe ya iso. Tun hantsi aka shiga da shi, ba a fito ba sai bayan la'asar. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar bulok na ji ƙarar injin huda ƙashi, na gane wannan ma aikin fawa ne, sai dai su haɗawa suke yi mu rabawa. Aka nuna mini hoton radiyo, wato hoton ƙashi, ga ƙarfe kwance a gaban ƙashin da kusoshi a jere, littafin ya rufu. An ƙara masa jini, mahauta suka sake zuwa, ban da gidan Baffa.

Bayan kwana goma sha biyu aka sallame mu da sharaɗi: kada ya taka, kada ya zauna tsaye, sai an ce. Na cire ƙyauren shagona na shimfiɗa masa katifa a kai. Mako shida yana kwance a ɗakin Inna. Bayansa ya fara salewa saboda kwanciya, muka koyi juya shi mu uku a tare kamar gungume, kowane bayan 'yan awoyi. Ƙuda, zafi, warin ciwo, robar fitsari da ke toshewa sai an ruga asibiti. Mutumin da ke ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa ɗaya ya rame har ina iya zagaye cinyarsa da hannu biyu. Wata rana ya jefi bango da kwanon fura, wata rana ya ƙi magana da kowa. Zainabu ta sha wuya fiye da kowa, ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Ni kuwa ina zuwa kasuwa da safe in dawo in yi masa wanka, har yanzu fuskarsa na bango.

A wata na uku aka cire ƙarafunan waje, aka ce ya gwada tsayuwa. Muka ɗaga shi ni da mai koya masa motsa jiki, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, idonsa ya juya ya sume a ƙirjina. Washegari ya tsaya na ɗan lokaci. Bayan mako biyu ya yi taku huɗu da sanduna biyu yana zagin kowa. A wata na huɗu aka yi masa aikin hanyar fitsari aka raba shi da leda. Lokotoro ya ce ƙafar hagu za ta riƙa ja har abada, hawan ƙaho kuma ya ƙare, ko keken shanu kada ya yi tsalle daga kai.

Ranar da ya fara fita ƙofar gida ya kira ni da kansa, karo na farko tun salla. Ya ce in samo adaidaita, akwai inda za mu. Ashe ya sa Zainabu ta bincika wurin majo, an gane matar. Sunanta Madam Saratu, Kirista ce, ungozoma ce ta asibiti da ta yi ritaya, gidanta a bakin Zango kusa da cocinsu. Zainabu ta miƙo mini ƙunshi, na buɗe na ga rabin zanen nan mai kifaye, ta karɓo shi tun ranar farko ta wanke ta ajiye. Na tsaya a kasuwa na sayi sabon turmin atamfa.

Ɗanta ne ya buɗe ƙofa, malamin lakkwal, wato makarantar boko, dogo. Yana ganina ya gane ni. Ya cakumi wuyan rigata ya buga ni da bango, ya ce wata huɗu yana nemana, uwarsa ce ta hana shi kai ƙara. Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya, na ce ya buga, haƙƙinsa ne. Ya ɗaga hannu, sai muryarta ta fito daga tsakar gida ta ce ya sake ni, baƙo ba ya shan duka a ƙofarta.

Tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana tsince shinkafa, da sabon gilashi. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Habu ta zuba wa ido yana jan ƙafa da sandunansa har ya iso, ta ce a ba shi kujera mai tsayi, ta tambaye shi fitsari, ta tambaye shi barci, ta ce Allah ya yi aikinsa. Na durƙusa na fara magana, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya ta ba ni kunnen dama. Ɗanta ya ce na hagun bai sake ji ba tun ranar.

Na ce, "Mama, ni ne na mare ki. Lokotoro ya gaya mini tun ranar cewa zanenki ne ke riƙe da ransa, ni na yanke, na kuma ɓoye wa kowa. Habu, kai ma ban gaya maka ba. Ba ka cikin hayyacinka, ba ka san abin da na yi maka ba."

Habu ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai yi ba wata huɗu.

"Yaya, idona biyu. Da ta ɗaure, ciwon ya lafa, har na samu na ja numfashi. Na ga ka zaro wuƙar Baba. Na ce maka ka bari, sau uku na faɗa. Ba lokotoro nake jira ya gaya mini ba, kai nake jira."

Ban san lokacin da goshina ya kai ƙasa ba. Na yi kuka a tsakar gidan mutane har shinkafarta ta jiƙe a gefen faranti, ba wanda ya hana ni. Da na lafa sai na ji sandar Habu tana taɓa kafaɗata, ya ce in tashi haka nan, ni ne zan mayar da shi gida.

Madam Saratu ta ce ta yafe tun ranar, don ta ga idon mahaukaci ne ba na mugu ba, amma yafiya ba ta hana karatu. Ta karɓi rabin zanenta ta ce na tunawa ne. Sabuwar atamfar kuwa ta yanki zane guda ta ce wa ɗanta ya kwanta a tabarma, ya kwanta yana hararata. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen cinyarsa ta sama, inda kan ƙashi ke turowa, ta ce nan ake ɗaurewa, ba a ciki ba, ba inda ake ɗaura guru ba, ƙasa da nan. A ja tamau, a haɗa gwiwoyi, a ɗauki mutum a kan ƙyaure ko katako, kada a kama shi hannu da ƙafa, kuma kada kowa ya kwance sai likita. Sai da na ɗaura sau uku ta ce ya yi. Ta naɗe zanen ta ba ni ta ce in kai inda ake buƙatarsa.

Yana nan rataye a rumfarmu, sama da wuƙaƙe. Abokan sana'a suna kirana Lawali mai zane, ina amsawa, kuma duk wanda ya yi dariya sai na kwantar da shi na nuna masa wurin ɗauri. Baffa Ila bai amsa gaisuwata ba har yau, yatsun Sale sun haɗu a karkace, ina neman gafararsu ban fasa ba. Gurun yana cikin akwatin Inna, ba wanda ya sake tambayarsa. Ina gode wa lokotoro da majo da duk wanda ya ba da jininsa, Allah ya biya su.

Duk ranar Lahadi, in sun taso daga coci, nakan kai wa Madam Saratu tsoka mai kyau daga cinya. Takan karɓa ta tambayi Habu. In zan gaishe ta sai na zagaya ta dama, don na hagun ni na kashe shi.